Rakiyar da Ta Kai Ni Kan Dutsen Tuwaiƙ

Rumasa'u, matar ɗalibin da ke hawan da yake saman namu, ita ke riƙe da biro, ni nawa baki. Ko sunana ban iya rubutawa ba, saboda haka in kun ga kuskure na hannunta ne, in kun ga gaskiya tawa ce. Na sa ta rubuta ne domin ku matan da kuka zo Riyad kwanan nan, masu zuwa gaishe ni kuna leƙa mini kicin kuna cewa, "Hajiya, ashe dambun nama ne kawai kike yi wa Turawan? Ai wannan ko mu sai mu tallata a waya." To, ku gyara zama.

Sana'ata ita ce guzurin masu hawan dutse. Akwai wasu bayin Allah da Ya ba su lafiya da albashi da ɗaki mai sanyi, amma ranar hutu sai su yi sammako su nufi jeji, su hau dutse, su bi gadon bayansa har ƙafa ta kumbura, sannan su sauko. Ba su saya ba, ba su sayar ba, ba su gaida kowa ba. Ni 'yar Kwatarkwashi ce, a gindin dutse aka yanke mini cibiya, amma ban taɓa ganin mai hankali ya hau ba sai in akuyarsa ce ta ɓace. Ranar da Malam, maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya fara ba ni labarinsu, na ɗauka wani irin tuba ne a addininsu.

Malam direba ne. Kafilinsa, wato Balaraben da ya ɗauko shi aiki, yana da wata tsohuwar motar jif da ya bar masa ya riƙa neman na cefane da ita ranar hutu, da ita yake kai ma'aikatan wani asibiti dutsen Tuwaiƙ. Shugabarsu wata Baturiya ce doguwa, ma'aikaciyar jinya, Sista Marta, mai tafiya da sanda biyu alhali ƙafarta lafiya lau. Su kuma Haji suke ce wa Malam. Wata rana ya kwance ɗan dambun da na ƙulla masa, ya yi musu tayi irin na al'ada, wanda ake cewa "alhamdu lillahi" a wuce. Su ba su san tayi ba. Suka zauna suka cinye tas. Ya dawo gida da yunwa yana huci, ya ce, "Hajiya, mutanen nan ba a yi musu bisimilla. Amma sun ce mako mai zuwa ki yi na mota guda, za su biya." Mafarin ke nan.

Kada ku ɗauka da hannuna na zo daga gida. A gida dambun biki na iya, wanda ake yi yau a cinye gobe. Dambun tafiya a wurin Goggo Hansai na koya, wata tsohuwa 'yar Damagaram da ta daɗe a ƙasar nan tana yi wa direbobin manyan motoci guzuri. Ita ta koya mini zaɓen nama: cinyar sa, ba kitse, ba jijiya. A dafa shi da albasa da citta da kanumfari har ya shanye ruwansa, a daka tun yana turiri, a toya a wuta ƙasa-ƙasa ana juyawa har kafaɗa ta sage, a matse a farin ƙyalle, a baza ya sha iska. In na gama sai ta ɗebi kaɗan ta zuba a takarda, ta tafi alwala. In ta dawo ta tarar da tabon mai sai ta ce, "Yarinya, wannan ci za a yi ko fitila za a kunna da shi?" Lokacin ina da jika, amma yarinya take ce mini, kuma sai na mayar da shi wuta.

Aikina na farko ga masu dutse, da shi na kusa rufe sana'ar tun ba ta buɗe ba. Na ce baƙi ne, kada a ce matar Haji marowaciya ce. Na sa Malam ya kai ni kasuwar Aziziyya na zaɓo barkono da kaina, na zuba yaji irin na Zamfara, na ƙara gishiri. Ban san cewa mai hawan dutse ruwansa a bayansa yake ba, kuma in ya ƙare ba rijiya. Tun ba su yi rabin hanya ba suka shanye ruwansu kaf, suka juyo fuska jawur, hanci na zuba. Malam ya shigo gida ya ce, "Hajiya, yau saura ƙiris ki kashe asibiti guda." Mutum ɗaya ne ya aiko mini da gaisuwa, wani Ba'indiye mai haɗa magunguna, wai a gaya wa Mama tun da ya bar garinsu bai ci abincin mutane ba sai yau. Daga ranar na riƙe: gishiri da yaji abokan gabar mai hawan dutse ne. Ɗanɗano daga albasa da citta zai fito.

Fura ma na gwada, don ku san ba abin da kuke tunani da ban riga ku ba. Na dama ta da nonon roba, na ɗura a goruna na ɗaure baki tamau. Wani likitan haƙori ya sa tasa a jakar goyo, rana ta buga ta, yana tafe yana jijjiga ta. Ta kumbura ta yi bindiga a bayansa. Malam ya ce mutumin ya sauko da fura tun daga ƙeya har dunduniya, ƙudajen jejin kakaf suna biye da shi. Sai na bar fura na koma dakuwa da alkaki da dabino, abin da ba ya tsami, ba ya narkewa, ba ya nauyi.

Kayan aikin ba yawa, amma kowanne da rigimarsa. Turmina daga gida aka zo mini da shi a jirgin alhazai, naɗe cikin bargo kamar jariri. Injin niƙa ba ya dambu, yana mayar da nama kunu ne. Sai dai daka a bene fitina ce. Bamisiren da ke ƙasanmu, da na ɗaga taɓarya sai ya ɗauki sandar tsintsiya ya riƙa dukan rufinsa, ni ina daka daga sama yana amsawa daga ƙasa kamar masu lugude. Malam ya kawo tsohuwar taya muka ɗora turmin a kai, ƙarar ta ragu. Sauran ƙarar kuma kwanon dambu ɗaya duk mako ya kashe ta. In na makara ma shi ke aiko matarsa ta ji ko lafiya.

Haka muka yi shekaru. Duk lokacin sanyi, tun hutu yana Alhamis har aka mayar da shi Asabar, ni ce daka da suya, Malam ne hanya. Da yamma sai ya shigo yana ɗingishi, yana dafa bango.

"Wash! Hajiya, yau dutsen nan ya nuna mini tsufa."

"Sannu, Malam. Har ƙoli kuka je?"

"Har ƙoli. Ni ne ma a gaba. Baturiyar nan da sandunanta biyu sai da ta ce, Haji, a hankali."

Sai in ɗora ruwan zafi, in gasa masa ƙafa, in ɗauko man zafi in murza tun daga gwiwa har yatsu. Yana kwance yana ba ni labarin sama: yadda ake hango duniya kamar faifai, yadda shaho ke wucewa ta ƙarƙashin mutum. Wani lokaci ya zaro ɗan dutse daga aljihu mai zanen katantanwa a jiki, ya ce a can sama ya tsinto mini, wai da can wurin teku ne. Na tara su a kwanon sha. Suna nan har yau.

Sai shekarar da ba na son tunawa. Malam ya dawo aiki yana cewa ƙirjinsa ya riƙe, kafin mako ya zagayo an kai shi maƙabartar Nasim. Rumasa'u, ajiye biron tukuna.

To, ɗauka. Ku yi haƙuri, har yanzu in na zo nan sai na tsaya. A ƙasar nan mace ba ta shiga maƙabarta. Ban ga inda aka sa shi ba, katangar kawai nake gani in mota ta wuce da ni. Mutanen dutse sun zo mini ta'aziyya, Allah Ya shirye su, da furanni suka zo. Na rasa yadda ake yi da su, na sa a bokitin wanki. Na shiga takaba, turmi ya kife. Kafin in fita sanyi ya wuce, kuma da zafi ba mai hawan dutse, ko su haukarsu ba ta kai nan ba.

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, Abba muke ce masa, yana tuƙa motar yashi a wurin gine-ginen Dir'iyya. Shi ya mayar da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ƙarƙashinsa. Ga mata, ga 'ya'ya, ga haya. Wata rana ya zo ya zauna a bakin ƙofa yana murza hula.

"Hajiya, in sana'ar nan ta tsaya, zaman me za ki yi tsakanin bango huɗu? Ki koma gida cikin dangi ki huta. Zan nemi tikiti."

"In bar mahaifinka a nan shi kaɗai?"

"Hajiya, ai addu'a ba ta neman biza."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na san in ina riƙe da kaina ba zai sake tayar da maganar ba, in kuwa na zama kaya, jirgi zan hau. Da sanyi ya dawo, kafilin ya bar wa Abba jif ɗin ranar Asabar kamar yadda ya bar wa mahaifinsa. Sista Marta ta aiko shi da saƙo: mutanenta sun saba da burodi mai cuku na shagon unguwa, sun ce ya fi sauƙin ci a can sama, amma albarkacin Haji za a sake gwada guzurina sau ɗaya. Maganar "sauƙin ci" ta tsaya mini. Me ya fi dambu sauƙin ci? Ko marar haƙori yana cin sa. Na yi dambun da ko Goggo Hansai ba za ta sami tabo a takarda ba, na ƙulla wa kowa nasa a leda, na ce wa Abba da ni za a tafi, in yi musu godiyar ta'aziyya da bakina.

Muka bar kwalta muka shiga tsakuwa, motar tana ta watsa mu kamar gyaɗa a faranti. Can muka tsaya a gindin wata bishiyar ƙaya, ita kaɗai ce a wurin. Na ɗaga kai na ga dutsen, doguwar katanga ja da ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Hawaye ya zubo mini. Na ce a raina, yau ga inda ƙafar Malam ta yi ta takawa.

Na raba guzuri, aka gaisa da ɗan Larabcin kasuwa da nake ji da ɗan na asibiti da suke ji. Suka saɓa jakunkuna za su tafi. To ku kun san tarbiyyar da aka yi mana: baƙo ba ya tashi ka bar shi ya tafi kamar korarre, sai ka taka masa. Kuma ba ka tafiya hannu sake shi yana ɗauke da kaya. Akwai wata 'yar mitsitsiyar ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin, Lusi, tana fama da jarkar ruwa. Na karɓe, na naɗe ɗankwalina na biyu na yi gammo, na aza a ka. Na ce wa Abba, "Bari in taka musu in dawo." Ya ce to, yana kwantar da kujerar mota.

Ita rakiya, kowa ya sani, ba mai rakiya ke yanke ta ba. Baƙo ne zai tsaya ya miƙo hannu ya karɓi kayansa ya ce, "Haba Hajiya, ya isa haka, koma." Kai kuma ka ce a'a, bari in ƙara kaɗan. Ya rantse, sannan ka juya. Ban taɓa tunanin akwai 'yan Adam a doron ƙasa da ba a koya musu wannan ba.

Muka wuce inda ya kamata a sallami maƙwabci. Shiru. Muka wuce inda ya kamata a sallami suruki. Shiru. Na rage sauri, na gyara murya, na ce, "To..." Duk Bahaushen da ya ji wannan "to" ɗin ya san an zo rabuwa. Sista Marta ta waiwayo ta washe baki ta ce, "Yalla, Mama!" wato mu je. Sauran suka tafa mini.

Na ƙara gaba kaɗan na tsaya, na ɗaga hannu na yi musu addu'ar hanya, Allah Ya kiyaye, Allah Ya kai lafiya. Ba'indiyen nan mai son yaji ya amsa da amin da ƙarfi, ya kama gwiwar hannuna ya taimaka mini na hau dutse na gaba. Na dubi Lusi ko za ta miƙo hannu ta karɓi jarkarta. Yarinyar nan ta zaro waya ta ɗauke ni hoto.

Za ku ce me ya hana ni dire jarkar in juya. In dire wa baƙo kayansa a tsakiyar hanya in ba shi baya? Baƙon ma wanda abincina ke hannunsa, ranar da aka ce gwajin ƙarshe ne? Na ce a raina, a wancan kwanar za su sallame ni. Da muka kai kwanar na ce sai dai waccan. Kafin in farga hanya ta zama tsani, ina hawa da hannu ɗaya, ɗayan yana tattare abaya, silifas ɗina suna ta tafi a dunduniya. Da na waiwaya na ga inda muka biyo, sai na gane ko yanzu suka sallame ni ba inda za ni. Saukar ta fi ƙarfin mace ɗaya. Na daina "to", na koma salati.

Sista ta miƙo mini sandarta ɗaya. Na ƙi, don kada a ce na tsufa. Bayan ɗan lokaci na karɓa, na kuma nemi gafararta a zuci kan dariyar da na yi shekaru ina yi wa sandunan nan.

Da muka fito gadon bayan dutsen sai iska ta mare ni. Hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba a wasu wuraren, dama rami, hagu rami, ƙasa can nesa shimfiɗe kamar faifai, yadda Malam ya faɗa. Abaya ta cika da iska ta zama tanti, na ji ana neman a tashi da ni. Jarkar da ke kaina ce ta danne ni, Allah Ya saka wa Lusi da rashin kunyarta. Muka yi ta bin bakin ramin ɗaya bayan ɗaya, ba gida, ba hayaƙi, ba ko kashin akuya. Ni kuwa duk dutsen da na taka sai in ce wataƙila Malam ya taka shi, ina tafe ina sharɓe. Su suna tsammani iska ce ke sa ni hawaye.

A wani fili a ƙoli aka zauna cin abinci. A nan na ga abin da ya fi hawan ciwo. Na farko, ƙullin ledata. Ƙullin gida nake yi, wanda ko ɓera sai ya yi haƙuri. Yatsunsu sun sandare da sanyi, sai na ga kowa ya sa haƙori yana yaga, leda ta fashe, dambu ya watse. Na biyu, iska. Likitan haƙorin nan ya ɗebo dambu zai kai baki, kafin hannun ya isa iska ta kwashe, ya tauna yatsunsa. Lusi ta juya wa iska baya ta dunƙule kamar mai ɓoye sata, duk da haka rabi a gashinta ya ƙare. Dambun da na bushe shi har ya fi auduga sauƙi, don gwaninta! Ashe shekara da shekaru tsuntsayen Tuwaiƙ nake ciyarwa, mutanen kuma kunya ta hana su faɗa, ko kuma albarkacin Haji.

Na ce su miƙo. Na zauna na juya baya, na tsaga dabino na cire ƙwallon, na cusa dambu a ciki na matse, na miƙa wa Sista. Ta jefa a baki gaba ɗaya. Ta tauna, ta lumshe ido, ta miƙo hannu a ƙara. Kafin wani lokaci sun yi layi a gabana kamar masu karɓar allura. Burodin shago da wasu suka ɓoyo a jaka, don ko-ta-kwana, a jakar ya koma gida.

Ina cikin cusawa sai wani tunani ya faɗo mini. Malam mutum ne da ko gishiri ya ɗara da ƙwaya ɗaya sai ya faɗa. Ta yaya zai yi shekaru yana zama a nan yana kallon iska na kwashe wahalata bai taɓa gaya mini ba? Labarin yaji, a ƙasa ya gani. Labarin fura, a ƙasa ya gani. Na dubi Sista na haɗa ɗan Larabcina.

"Sista, Haji a ina yake zama in kun zo nan?"

Ta dubi Ba'indiyen, shi ya dubi takalminsa. Sannan ta kama hannuna ta kai ni kusa da baki, ta nuna ƙasa da sandarta. Can na hango bishiyar ƙayar kamar tsinke, da motar kamar ƙwaro a gindinta. Ta haɗa tafukanta ta kwantar da kunci a kai, ta yi minshari.

"Kullum?" na ce.

"Kullum, Mama. Haji shayi, Haji barci."

"Duwatsun katantanwa fa?"

Lusi ta ɗaga hannu tana murmushi. Ita ke tsinto masa. Wai yakan ce mata matarsa na son su, kuma ta riƙa gaya masa abin da ake gani a sama.

Na zauna daɓas. Na tuna ruwan zafin da na yi ta ɗorawa, da kwalaben man zafin da na ƙarar a ƙafar da ba ta je ko'ina ba, da "ni ne ma a gaba." Dariya ta ƙwace mini, irin wadda ban yi ba tun kafin rasuwar, na yi ta yi har ta juye kuka, kukan ya sake juyewa dariya. Ma'aikatan asibiti guda suka kewaye ni, wannan na taɓa mini jijiyar hannu, wancan na ba ni ruwa. Na ce su ƙyale ni, ba ciwo ba ne, miji ne.

Saukowa da zama na yi rabinta, abayar ba ta sake moruwa ba. Da muka iso gindin bishiya rana ta karkata. Ga Abba a miƙe a inuwa, hula a fuska, baki buɗe, bai ma san uwarsa ta bar ƙasa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a wannan gidan barewar ma kwance take. Na taɓa shi da sandar Sista. Ya zabura.

"Hajiya, har kin dawo? Kin taka musu?"

"Na taka musu."

Ya ga silifas ɗina ɗaya ya tsinke an ɗaure da igiyar takalmin likita, ya ga Turawa na rungume ni, ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya sake dubana. Sista ta ce masa daga yau kowace Asabar dabinon Mama, kuma akwai wasu ƙungiyoyin da za ta gaya wa. A hanya Abba ya buɗe baki sau ɗaya, na ce, "Wanda ya yi barci aka tafi da uwarsa sama bai sani ba, shi ne zai ce mata ta tsufa ta koma gida?" Maganar tikiti ba ta sake tashi ba.

Kafin mu shiga mota na zagaya bayan bishiyar. Ga duwatsu uku sun yi baƙi da hayaƙi, murhun shayin Malam. Ga wani wuri da aka share tsakuwa daidai tsawon mutum, da jerin 'yan duwatsu suna nuna alƙibla. A nan yake salla, a nan yake kwanciya. Maƙabarta an hana ni, amma wannan ba mai gadi. Duk shekara in sanyi ya shigo nakan bi Abba sau ɗaya, in zauna a wurin in dafa shayi a murhun, in yi masa addu'a, in kuma gaya masa abin da ake gani a sama, tunda ni na je.

Saboda haka mai son sana'ar nan, ga turmi, zan koya mata. Amma sai ta je ta ga inda ake cin abincinta da idonta, kada ta dogara da labarin direba ko da mijinta ne. Ta sassauta ƙulli. In kuma ta raka Bature, ta sallami kanta da kanta tun a gindin bishiya.

Ranar da muka dawo na ɗauko ragowar man zafin Malam na murza wa ƙafata. Ita ce ƙafa ta farko a gidan nan da ta ci hakkin man. Kwalbar tana nan kusa da kwanon katantanwa, da saura kaɗan a ciki, na hana kowa taɓawa. Da zai turo ƙofar nan yau yana ɗingishin ƙarya yana dafa bango, wallahi ruwa zan ɗora. In tambaye shi ko har ƙoli suka je, ya ce shi ne ma a gaba, in ce sannu, Malam, miƙo ƙafar.